Hunturun Cikin Firiza

Wanda ya taɓa yin hunturu a cikin birnin Zazzau ya riga ya san abin da ke samun makwarwar da ta shekara a firiza. A watan Janairu uwargida a Kwarbai ko Limancin Kona takan shanya wanki da la'asar, ba rana sai hazo, amma kafin asuba zanin ya bushe ƙamas. Iska ce ta zuƙe ruwan. Ita ce kuma ke bin leɓe da diddige har faso ya buɗe baki, yara na tafiya makarantar allo ƙafa fari fat kamar an barbaɗa musu toka.

To, firiza hunturu ce da ba ta da ranar wucewa. Iskarta ga sanyi ga bushewa. Ƙanƙarar da ke jikin nama tana tashi a hankali ba tare da ta narke ba, ta koma ta taru a cikin leda kamar garin gishiri. Shi ya sa idan aka ciro zabon daji ko makwarwar da wani maharbi ya kawo tsaraba tun ranin bara, za a ga ƙirjin ya yi tabo fari-fari, ya yi tauri. Kaushi ne kawai. Tsuntsun daji kuwa ba shi da kitse irin na kajin gidan gona, don haka ya fi saurin yin sa.

Kaushi ba cuta ba ne. A sanyin digiri 18 ƙasa da sifili ƙwayoyin cuta ba sa hayayyafa, kuma ma'aikatar noma ta Amurka ta ce naman da ya zauna a haka ba ya zama haɗari komai daɗewarsa, ɗanɗano ne ke raguwa, musamman bayan shekara guda. Sai a yanke wurin da ya bushe, a manta da maganar gashi, a yi farfesu da citta da kanumfari, a bar shi ya dahu luguf. A lalubi 'yan harsasan dalma a fitar kafin a ɗora tukunya.

Sai dai duk wannan magana tana rataye ne da sharaɗi ɗaya: naman bai taɓa narkewa ba. Wa zai iya dafa Alƙur'ani a kan haka a garin nan, inda ake kawo wuta a ɗauke, wani lokaci taransifoma ta lalace unguwa ta yi makonni a duhu? Firizar da ke cike, ba a buɗe ta ba, tana riƙe sanyi kamar awa 48. Mai rabin kaya, awa 24. A duba gindin ledar. In an ga jini ya gangaro ya daskare a ƙasa, ko tsuntsun ya baje ya ɗauki siffar abin da ya kwanta a kai, ya narke ya sake daskarewa ke nan. Wannan a zubar, kada a tsaya shinshinawa, domin hanci ba ya jin kowace ƙwayar cuta. Sanyi ma ba ya kashe su, barci yake sa su. Murar tsuntsaye da aka fara tabbatarwa a Afirka a wata gona a Jaji cikin Fabrairun 2006, nan kusa da mu, ƙwayarta tana rayuwa a ƙanƙara. Dafuwar da ta kai digiri 70 har tsakiyar nama ce ke gamawa da ita.

Akwai kuma masu ajiye tsuntsu don a feɗe fatarsa da gashinta, a cusa auduga, a tsayar da shi da waya kamar mai rai, irin na ɗakunan nazarin dabbobi. A nan kaushin ya fi ɓarna, domin wuraren da fata ta fi siranta su ne ke fara bushewa: ƙafafu, bakin fukafukai, kewayen ido. Gwani yakan jiƙa su su yi laushi, ya ceto tsuntsun da ya yi shekaru. Amma wanda ya fara ruɓa, gashinsa zuba yake yi da an taɓa. Maharbanmu ma yanka suke yi nan take don ya halatta, a fige a gida, ka ga babu sauran fatar da za a yi aiki da ita.

Mai son ajiya ya naɗe tsuntsun a leda biyu, ya matse iskar, ya rubuta wata da shekara a jiki. Wanda kuma bai amince da wutar unguwarsu ba, ya soya ko ya ƙyafe tun ranar da aka kawo.