Wane irin wurin ninƙaya ne ya dace da yankin Birnin Kudu da Gwaram?

Da zarar damina ta kankama a kudancin Jigawa, kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini sukan cika maƙil, Kogin Bunga da ya ratsa ƙasar Gwaram kuma ya tumbatsa. Yara daga Surko har zuwa Wurno da Sundumina ba su da wani wurin iyo sai waɗannan, kuma kusan kowace shekara sai an ji labarin yaron da ya tafi wanka ko bayar da dabbobi ruwa bai dawo ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka nutse a duniya a 2021, kuma yara da matasa ne suka fi yawa. Cikin shawarwarinta har da koya wa 'yan makaranta iyo a wurin da ake sa musu ido. Bayan nutsewa, ruwan kududdufi na ɗauke da tsargiya, wadda iyaye da yawa suka saba gani har ba sa ɗaukar ta cuta.

To idan ƙaramar hukuma ko gwamnatin jiha za ta gina wurin ninƙaya, wane iri ya kamata?

Lissafin ruwa

'Yan siyasa sun fi son abin da za a yanka ƙyalle a ɗauki hoto, wato tafki irin na gasar Olamfik. Tsawonsa mita 50 ne, faɗi mita 25, zurfi a ce mita 2. Cika shi na cin lita miliyan 2 da rabi, wato jarka 100,000 mai cin lita 25. A garin da mai ruwa ke tura kura layi-layi, wannan lissafi kaɗai ya isa a dakata.

Ƙaramin tafki mai tsawon mita 25, faɗi 12 da rabi, zurfi kamar mita 1.2, jarka 15,000 ce za ta cika shi. Zurfin nan ma ya fi dacewa da mai koyo, domin malami na iya tsayawa da ƙafafunsa ya tallafe yaro.

Ginin ma shi ne mai sauƙi. Dole injin tace ruwa ya yi aiki kullum, a riƙa zuba sinadarin kulorin da awo, a kuma biya masu ceto albashi. Idan injin ya tsaya na 'yan kwanaki ruwan zai koma kore, an samu sabon kududdufi ke nan mai tayil. Dogaro da wutar KEDCO kaɗai ba zai yiwu ba, sai an sa sola da rijiyar burtsatse cikin kasafin tun farko. Tafkin babban filin wasa na Surulere a Legas, wanda ya karɓi gasar wasannin Afirka ta 1973, ya shafe shekaru da dama a rufe saboda rashin kulawa.

Me ya sa sai mai rufi?

A Turai sanyi ne dalilin rufin. A nan dalilan daban ne: ƙurar hunturu da ke toshe matata, zafin bazara da ke ƙafar da ruwa, sannan uwa uba sutura. Magidanci a Gwaram ba zai bar 'yarsa ta shiga ruwa a fili jama'a na kallo ba. Gini mai katanga da rufi, da ranakun mata zalla ƙarƙashin malamai mata, shi ne kawai zai sa 'yan mata su koya, alhali su ma suna zuwa bakin kogi wanki, suna kuma shiga kwale-kwale ranar kasuwa.

Akwai kuma hanya mai araha. A Bangaladash, shirin SwimSafe yana kafa dandamalin gora cikin tafkunan ƙauye, a killace wuri marar zurfi, matasan garin da aka horar su koya wa yara iyo na mita 25 da tsayuwa a saman ruwa. A Jigawa tsargiya za ta hana a kwafi tsarin yadda yake, amma ana iya ɗaukar dabarar horar da 'yan gari a haɗa da ƙaramin tafki mai tsabta.

Batun mazauni shi ne zai fi jawo gardama. Idan aka kai shi Dutse, yaron Surko ba zai taɓa ganinsa ba. Kusa da makarantu a Birnin Kudu, inda kuma asibitin tarayya yake idan an samu larura, za a iya tsara wa firamaren ƙauyuka zuwa aji-aji da rani, kafin ruwan farko ya sauka.