Motar Baba, direba ɗa: Wa inshora za ta biya ranar tsautsayi?

A Dantchiao da ƙauyukan da ke tsakanin Magariya da Dungas, abu ne sananne ka ga mota ɗaya tana ciyar da gida guda. Uba ne ya saye ta da kuɗin wake ko riɗi, sunansa ne a takardun mallaka da na inshora, wato asurans, amma ɗa ne yake riƙe da sitiyari. Shi yake ɗaukar mata 'yan kasuwa da kayansu, ran Alhamis kuma ya nufi Maigatari. Tambayar da ba a cika yi ba sai an yi haɗari ita ce: takardar da ke ɗauke da sunan Baba tana aiki idan ɗa ne yake tuƙi?

Amsar tana cikin dokar inshora ta CIMA, wadda Nijar da wasu ƙasashen Afirka suka amince da ita a Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995. Sashe na 200 ya wajabta wa kowace mota inshorar biyan diyyar wanda aka yi wa ɓarna, kuma ta haɗa da duk wanda yake tuƙa motar. Ke nan idan ɗa ya buge mutum ko ya ɓata motar wani, kamfani ne zai biya ko da sunan mahaifinsa ne a takarda. Wani abin da jama'a da dama ba su sani ba shi ne, dokar ta ɗauki iyalan direba da na mai inshora a matsayin waɗanda ake biya. Idan mahaifiya tana cikin motar ta ji rauni, tana da haƙƙin diyya kamar kowane fasinja.

Sai dai akwai wuraren da ake faɗawa rami. Na farko shi ne lasin tuƙi. Yaro ya iya mota tun yana ɗan kamasho, amma bai da lasin. Idan ya yi ɓarna kamfani zai biya wanda aka raunata, sannan ya juyo ya nemi kuɗinsa a wurin mai laifi. A nan ne gona ko garken gida ke salwanta. Haka lamarin yake idan an ɗora mutane a kan buhuna har motar ta wuce ƙa'ida.

Na biyu shi ne aikin da aka ce motar tana yi. Da yawa sukan yanki inshorar motar hawa don ta fi araha, alhali haya ake yi da ita. Idan kamfani ya gano da gangan aka ɓoye, doka ta ba shi damar soke yarjejeniyar. Araha dai ba ta ado.

Na uku ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye. Wannan inshora ta dole ba ta biyan raunin direban kansa, ba ta gyara motar gida, kuma ba ta biyan hajar da aka ɗauko. Hajiya, idan buhunan wakenki suka zube a hanya, sai in an yi wa kaya tasu inshorar daban.

Akwai kuma ranar da mota ta canza hannu. Idan uba ya sayar wa ɗansa ko ya ba shi kyauta, inshorar tana tsayawa a kwana na biyar, don haka a gaggauta sauya suna. Idan kuwa rasuwa aka yi, tana ci gaba da aiki ga magada muddin suna cika sharuɗɗanta, amma ya kamata a sanar da kamfani kafin a gama rabon gado.

Masu tsallaka iyaka su ƙara lura. Tun 1982 ƙasashen CEDEAO suka kafa katin inshora mai ruwan ƙasa domin motocin da ke shiga wata ƙasa. Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, saboda haka kafin a kama hanyar Maigatari ko Babura, a tambayi ofishin da ya ba da takarda ko tana aiki a Najeriya, inda 'yan sanda suka tsaurara binciken inshora daga watan Fabrairun 2025.

Shawara ga uba da ɗa ita ce su zauna su duba takardar tare: ranar ƙarewarta, aikin da aka rubuta, da adadin kujeru. A biya kuɗi a karɓi rasit, domin inshorar da ba a biya ba ba ta aiki. In tsautsayi ya faru, a kira jandarma su rubuta rahoto, a sanar da kamfani cikin kwana biyar. Allah Ya kiyaye hanya, amin.