Kafin ka ɗora sola a rufi, duba firijin da ke ɗakinka

A yawancin gidajen haya na Krofrom, mita ɗaya ce ke ɗauke da ɗakuna goma, wani gidan ma har goma sha biyar. Idan kiredit ya ƙare, sai a bi ɗaki-ɗaki ana karɓar kuɗi bisa lissafin maki: kwan fitila maki ɗaya, fanka kaza, talabijin kaza, dutsen guga kaza, firiji kaza. Duk wanda ya taɓa zaman gidan haya a Aboabo, Asawase, Moshie Zongo ko Tafo ya san rigimar da wannan lissafi ke haifarwa. Wance ta ɓoye hita a ƙarƙashin gado, wane yana guga da tsakar dare, wancan ya yi tafiyar mako biyu amma an ce sai ya biya cikakke. Abin da ba a cika lura da shi ba kuwa, lissafin makin kaya yake ƙirgawa, ba ya auna wutar da suke sha. Mai sabon firiji da mai tsohon da ya yi shekara ashirin a Jamus kafin ya sauka tashar Tema, maki ɗaya ake ɗora musu, alhali tsohon na iya shan ninki uku na sabon. To, don Allah, me zai sa mutum ya kashe kuɗinsa ya sayi mai shan kaɗan?

Na fara da wannan ne saboda yanzu ko'ina maganar sola ake yi. Faifan ya yi araha in an kwatanta da shekara goma da suka wuce, masu tallarsa sun cika gari, kuɗin wuta kuma kusan duk lokacin da hukumar PURC ta zauna bita, gaba yake yi. A ƙasashen Turai da Amurka har an kai ga gina gidajen da idan aka yi lissafin shekara, wutar da gidan ya samar daga rufinsa da wadda ya sha sukan yi kunnen doki. Ba wai gidan ya rabu da layin kamfani ba ne. Da rana yana tura rarar wutarsa zuwa layi, da dare ya karɓo, ƙarshen shekara a tashi canjaras. Masu irin wannan gini duk bakinsu ɗaya a kan tsarin aikin: a fara rage abin da gida ke sha, sannan a auna faifan da zai biya ragowar. Mu a nan, ta wutsiya muke kama abin. Mutum ya tara kuɗi ya sayi faifai da batir, ya jona su da kayan da ke zuƙar wuta kamar rariya, kafin ƙarfe goma na dare inbata ta fara kuka, gobe ya ce sola yaudara ce.

Ƙasar nan ta taɓa gwadawa

Ba daga Turai za mu fara koyon darasin ba. A 2007, lokacin da ruwan Akosombo ya ja baya aka shiga rabon wuta, gwamnati ta raba kwan fitila mai shan wuta kaɗan guda miliyan 6 kyauta, aka karɓe tsofaffin masu zafi. Hukumar Makamashi ta ce wannan kaɗai ya rage megawat 124 daga buƙatar ƙasa a lokacin da aka fi shan wuta da yamma. Ku kwatanta da tashar Anwomaso da aka buɗe mana nan Kumasi a Afrilun 2024 da injinan AMERI da aka kwaso daga Aboadze, wadda zangonta na farko megawat 150 ne. Kusan tasha guda ke nan, daga canjin kwan fitila kawai.

Sai firiji. Dokar 2008 ta hana shigo da tsofaffin firiji da na'urorin sanyaya ɗaki, haramcin firijin kuma ya fara aiki a 2013. Dalilin da hukumar ta bayar shi ne, firijin da ke gidajen mutane a lokacin yana shan kimanin yunit 1,200 a shekara. An yi shirin musaya, ka kai tsohonka a rage maka kuɗin sabo, aka kuma tilasta manna takardar nan mai ruwan ɗorawa da taurari a jikin sabbin kaya. Mutane da yawa ado suka ɗauke ta. A jikinta an rubuta yunit nawa na'urar za ta sha a shekara, kuma wannan lambar ta fi launin firijin muhimmanci ga aljihunka.

Wanda ya fi burge ni shi ne shirin sola na rufin gidaje da Hukumar Makamashi ta fito da shi a 2016, muna fita daga ƙuncin dumsor. An ce za a ba mai gida faifai har wat 500 kyauta, shi kuma ya sayi batir da inbata da sauran kayan haɗi, ya ɗauki ma'aikaci mai lasisi. Amma akwai sharaɗi: sai ka canza duk fitilun gidanka zuwa LED. Burin shirin rufi 200,000 ne, bai kuwa kai ko kusa ba, domin batir da inbatar da aka bar wa mai gida su ne masu tsadar. Duk da haka, wanda ya rubuta wannan sharaɗi ya san abin da yake yi.

Lissafin aji

Ina koyar da lissafi da kimiyya a ƙaramar sakandare, kuma a zangon da muke darasin makamashi nakan ba yara aikin gida ɗaya. Kowa ya juya kayan wutar gidansu ya kwafo lambar wat da ke baya, ya tambayi awa nawa suke kunne a rana. Wat sau awa, a raba da 1,000, ka sami yunit. Shi ke nan. Yarinyar da uwarta ke sayar da ƙanƙara da sobolo takan fi kowa gane darasin, don ta san abin da ake asara idan firiza ta kwana babu wuta.

Bari mu yi shi tare a kan gida mai ɗaki biyu da falo. Fitila shida masu wat 20, awa shida, yunit 0.7. Fankar silin biyu masu wat 75, awa goma, yunit 1.5. Tsohuwar talabijin mai ƙeya, wat 100, awa biyar, rabin yunit. Guga ta minti 15, kwatan yunit. Tsohon firiji, in muka raba 1,200 da kwanakin shekara, yunit 3.3. Jimla ta haura yunit 6 a rana, kuma fiye da rabi firiji ne ya cinye shi kaɗai, yana can lungu yana gurnani ba wanda ke zarginsa.

Yanzu a canza. Fitilun LED masu wat 7, fankoki na zamani masu wat 30, talabijin shafaffiya mai wat 40, firiji mai taurari da ke shan kusan yunit ɗaya a rana, guga tana nan yadda take. Jimla yunit 2.3. Haske bai ragu ba, iska ba ta ragu ba, ruwan sanyi na nan.

A Kumasi faifai mai wat 400 yakan ba da kusan yunit ɗaya da rabi a rana idan aka haɗa kwanakin rana da na hadari. Mu ba Navrongo ba ne, inda VRA ta kafa gonar solarta ta farko a 2013, kuma ba banza aka kai ta can ba. A nan daga Yuli zuwa Satumba sama takan wuni a lulluɓe, in hunturu ya zo kuma ƙura ta kwanta a kan gilashin sai an riƙa gogewa. Da wannan ma'auni, gidan farko na buƙatar faifai huɗu zuwa biyar, na biyu kuwa biyu sun ishe shi. Batir ma haka, tunda yawancin shan wutarmu bayan magariba ne. Kuɗin faifai uku da batir ɗin da ka huta saya zai iya rufe kaso mai yawa na kuɗin sabon firiji da fankoki.

Gidan da ke dafa mai shi

Akwai ɓarnar da ba a gani a bayan kowace na'ura, ita ce ta ginin kansa. Bulon siminti, kwano a sama, sau da yawa babu silin, taga ɗaya tana kallon bangon maƙwabci. Kwanon ya wuni yana shan rana, bango ya riƙe zafin, da dare ya sako maka shi. Shi ya sa fanka ke kwana tana juya iska mai zafi, mai hali kuma ya sayi na'urar sanyi, wadda a awa uku za ta iya shanye abin da dukan gidan nan na biyu ke sha a wuni.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yayin da ake yi yanzu na cire tagogin luba a sa gilashi mai zamiya. Luba in ka buɗe ta, kusan dukan tagar iska ce. Mai zamiya kuwa, komai ƙoƙarinka rabi za ka buɗe. An sayi kyan gani an sayar da iska, sannan a dawo ana kuka da mita.

Kakanninmu da suka zo fataucin goro daga Kano, Katsina da Sakkwato sun baro gini mai kaurin bango, da zaure, da tsakar gida mai inuwa. Ba cewa nake yi a koma ginin ƙasa a garin da ruwan sama ke dukan bango wata da watanni ba. Amma a Gando ta Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da tubalin ƙasa, ya ɗaga kwanon sama da silin ya bar rata, iska na ratsawa tana kwashe zafin kafin ya sauko kan yara. A 2022 ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a fannin zanen gine-gine. Mu malamai da ke koyarwa ƙarƙashin kwano tsirara da ƙarfe ɗaya na rana, mun san darajar wannan rata. Silin, farin fenti a kan kwano, taga biyu masu kallon juna, bishiya ko rumfa a ɓangaren yamma, duk aikin kafinta da mai fenti ne na unguwa. Faifan solar kansa, in an bar rata tsakaninsa da kwano, inuwa yake yi wa ɗakin da ke ƙasa.

Mita, batir, da mai rufi

Kunnen dokin da na ambata yana buƙatar mita mai ƙirga shiga da fita. Gana ta yi dokar makamashi mai sabuntuwa a 2011, ta fitar da ƙa'idar irin wannan mita a 2015, aiwatarwa ta yi ta tafiyar hawainiya, aka sake sabunta ƙa'idar a 2023. Akwai kuma shirin da Bankin Raya Afirka ya amince da shi a 2022, mai burin rufi 12,000 na gidaje, ƙananan sana'o'i da gine-ginen gwamnati. Abu biyu ya kamata mai sha'awa ya sani. Rarar da ka tura ba kuɗi za a ba ka a hannu ba, yunit ake rubuta maka a cire daga abin da ka sha. Na biyu, solar da ke jone da layi ba tare da batir ba tana mutuwa da zarar an ɗauke wuta, ko da rana tsaka ce, don kada ta tura wuta ta kashe ma'aikacin da ke kan falwaya. Wanda dumsor ne ya kore shi zuwa sola, ba makawa sai da batir. Na ruwa ya fi araha amma zafi da yawan zuƙewa kan gajiyar da shi cikin shekaru kaɗan, na litiyam ya fi tsada ya kuma fi daɗewa nesa ba kusa ba. Haɗin kuma a ba wanda ke da takardar shaidar Hukumar Makamashi. Wayar batir in ta yi siriri zafi take yi, ɗakunanmu kuwa a manne suke da juna.

Babbar tambayar a Zango ita ce, rufin na wane ne? Ɗan haya da ya biya kuɗin shekara biyu gaba, duk da doka wata shida ta ce, ba zai huda kwanon wani ba, bai ma san ko za a sabunta masa ba. Mai gida kuma ba shi ke biyan kiredit ba. Gidan gado ya fi wuya: magada goma sha biyu, wani na Nima, wani na Italiya, wani na Bronx, kafin a sami yardar kowa damina biyu ta wuce. Ga wata cuta kuma. Rangwamen masu ƙaramin ƙarfi na wanda bai wuce yunit 30 a wata ba ne, to gidan da iyali goma ke kan mita ɗaya yakan tsallake wannan iyaka cikin kwana biyu ko uku, sai gwauruwa mai kwan fitila ɗaya da rediyo ta riƙa biya a farashin masu firiza.

A ganina, a irin gidajenmu matakin farko ƙaramar mita ce a ƙofar kowane ɗaki, tun kafin a yi zancen faifai. Ranar da kowa ya fara biyan abin da ya sha, rigimar maki ta mutu, mai tsohon firiji kuma zai ga lambar da idonsa. Kayan da ke rage sha, fitila, fanka, firiji, duk naka ne, in ka tashi ka tafi da su. Adashi na iya sayensu ɗaya bayan ɗaya ba tare da an shiga bashi mai ruwa ba. Rufin da ya fi sauƙin farawa kuwa shi ne wanda ba na mutum ɗaya ba kuma yana da kwamiti: masallacin unguwa da makarantar Islamiyya. Nauyinsu fitila ne, fanka, lasifika da famfon ruwan alwala, kuma Azahar, La'asar, Juma'a da karatun yara duk suna faɗowa ne lokacin da rana ke sama, don haka batir kaɗan zai riƙe Magariba, Isha'i da Asuba.

Ko an yi duk wannan, kada wani ya ce gidansa ya tashi canjaras. Lissafin da muka yi na wutar lantarki ne kawai. Tuwo, waakye da koko a kan gawayi ko gas ake dafa su, kuma zafin da kurfoti ke ƙonawa a wuni ya ninka abin da fitilu da fankoki ke sha. Murhu irin Gyapa mai yumɓu a ciki yana rage gawayi sosai, tukunyar lantarki mai matsi kuma tana dafa wake da ƙasa da yunit ɗaya. Wanda zai sa ta cikin lissafinsa sai ya ƙara faifai guda, ya kuma mai da dahuwar wakensa tsakanin hantsi da Azahar.