Shin Ko Kun San? Na'urar Faks Ba Ta San Launi Ba

Shin ko kun san faks ya girmi wayar tarho? Wani mai gyaran agogo ɗan Sikotilan, Alexander Bain, shi ya yi rajistar dabarar aika zane ta waya a 1843, shi kuwa Bell sai a 1876 ya yi rajistar tarhonsa. A 1865 har an fara aika takardu tsakanin Faris da Lyon a Faransa da na'urar Giovanni Caselli, ana biyan kuɗi.

Ko kun san na'urar faks ta gama-gari ba ta san ja ko kore ba, ba ta ma san ruwan toka ba? Baƙi da fari kaɗai ta sani. Ƙa'idar da duniya ta amince da ita a 1980 ta raba kowane layi na takarda zuwa ɗigo 1,728, kowane ɗigo kuwa ko baƙi ne ko fari. Shi ya sa hoton da ka ɗauka da wayarka, wanda yawanci JPEG ne mai launuka miliyoyi, ba ya shiga faks sai an juya shi, galibi zuwa TIFF mai baƙi da fari. Ko PDF ka miƙa wa manhajar aika faks ta intanet, juyin nan take yi a ɓoye kafin ta tura.

To, fuskar mutum fa? Nan dabara take. Inda hoto ya yi duhu, kwamfuta ta cunkusa ɗigogi baƙaƙe, inda ya yi haske ta warwatsa su, sai ido ya ruɗu ya ga kamar inuwa ce. Wasu masana biyu, Floyd da Steinberg, suka fito da fitacciyar hanyar yin haka a 1976. Amma gaskiya, hoton fasfo da aka aika ta faks ko uwar mai shi sai ta ƙura ido kafin ta gane ɗanta.

Wani abin mamakin, faks ba ya aika ɗigo ɗaya-ɗaya. Ƙirga su yake: fari kaza a jere, baƙi kaza a jere. Shafi guda mai kyan bugu ya kusa ɗigo miliyan 4, wanda da a ce ɗai-ɗai ake turawa zai ci kusan minti 7, amma da wannan lissafi bai cika kai minti guda ba. Takarda mai datti ko inuwa kuwa ɓata lissafin take yi, ta daɗe a layi, ta kuma fito dishi-dishi.

A Gaya da Ajingi na jihar Kano, da wuya ka sami matashin da ya taɓa aika faks. Na'urar tana buƙatar layin tarho na girke, irin na NITEL a da, wanda ko a birnin Kano ba kowane gida ya samu ba. Da wayar salula ta GSM ta iso Najeriya a 2001, sai aka yi tsalle daga ba wa direba saƙo a tasha zuwa wayar hannu, daga baya kuma WhatsApp. Japan kam har yanzu ofisoshinta da yawa ba su rabu da faks ba.

Sai dai matsalar da faks ke fama da ita tana nan daram. Ɗalibin da ya je shagon kwamfuta a Gaya zai ɗora sakamakon WAEC, aka ce masa fayil ya yi nauyi ko rubutu bai fito ba, ciwon faks ne yake damunsa. Maganin ma ɗaya ne. Shimfiɗa takardar a wuri mai haske, kada inuwar hannunka ta faɗa kanta, ka tsayar da wayar daidai samanta, ka yanke gefe-gefen. In ba an ce lallai sai mai launi ba, ka mayar da ita baƙi da fari kafin ka adana ta a PDF.