Aikin Ido da Leza: Gaskiya ko Jita-jita?

A Boɗinga da Shagari, da an ce za a yi wa mutum aikin ido, sai ka ji wani ya ce ai ƙwaƙulo idon ake yi, a wanke, a mayar. Jita-jita ce zalla. A aikin leza da ake kira LASIK, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1999, mutum idonsa biyu ake yi masa. A ɗiga maganin kashe zafi, likita ya ɗaga siririn ɓawo daga tantanin da ke rufe baƙin ido, hasken leza ya ɗan kankare ƙarƙashinsa, a mayar da ɓawon. Yawanci ba a cika rabin awa.

Masu cin moriyarsa iri biyu ne aka fi sani: wanda nesa ke gagararsa, irin ɗalibin da ke karanta littafi sumul amma rubutun allo ya zame masa dishi-dishi, da wanda tantanin nasa ya lanƙwashe kamar bayan cokali, har haruffa su riƙa hawa juna. Wato abin da tabarau ke gyarawa.

Maganar da ta fi damuna ita ce wai wannan aiki maganin kowane ciwon ido ne. LASIK ba ya cire yanar ido, ba ya dawo da ganin da hawan jinin ido ya cinye, ba ruwansa da amosani. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yanar ido ce ke haddasa kashi 43 cikin 100 na makantar 'yan shekara 40 zuwa sama. Dattijon da ganinsa ke dushewa, sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya kamata a kai shi tun da wuri. Don Allah kada a miƙa shi ga masu tura yana da allura, sun sha ƙarasa idon da likita zai iya cetowa.

To, an rabu da tabarau har abada? Rabin gaskiya ce. Bayan shekara 40 karatu kan sake neman tabarau. Ido kan bushe na wasu watanni, kuma ƙurar hunturun Sakkwato sai ta ƙara tsananta abin. Wasu kan ga fitilun mota suna tartsatsi da dare, don haka ɗan kabu-kabu ya faɗa wa likita sana'arsa kafin ya amince. Ba a yi wa wanda bai kai 18 ba, haka mai juna biyu da wanda lambar tabaransa ba ta tsaya ba tukuna.