FASHIN BAƘI: Shin na'urar amsa waya ba tare da an riƙe ta ba tana kare direba a hanyoyin Daura?

A tashoshin mota da ke Daura da kewaye, 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a kunne ta shiga cikin kayan aikin direba kamar yadda jak da sifana suka shiga. Hujjar masu amfani da ita ba ta da wuyar fahimta: muddin hannaye biyu suna kan sitiyari, amsa waya ba zai hana tuƙi ba. Masu sayar da kayan waya ma da wannan hujjar suke tallar ta.

Sai dai dokar Najeriya da binciken masana ba su tafi a kan haka ba. Na'urar tana sauke wa hannu nauyi, amma hankalin direba yana nan a rabe tsakanin hanya da wanda ke magana da shi. Duk wanda zai sayi irin wannan na'ura yana bukatar sanin abin da za ta iya yi masa da abin da ba za ta iya ba.

Hanyoyin da ake magana a kansu

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa. Manyan hanyoyi biyu ne ke ɗauke da yawancin zirga-zirgarta. Ɗaya ta taso daga Kano ta bi ta Kazaure ta shigo Daura, sannan ta zarce Kongolam a kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, inda ta nufi Matamaye da Damagaram. Ɗayar kuma ta taso daga Katsina ta bi ta Mashi.

Waɗannan hanyoyi ba na motoci kaɗai ba ne. A kansu ake samun tirela da ta yi lodin shanu daga kasuwar Mai'aduwa, da Golf da Sharon na haya, da Keke Napep, da 'yan kabu-kabu, da amalanken shanu da ba shi da fitila, da garken tumaki, da yara 'yan makaranta. Idan hazo ya sauka a lokacin hunturu, direba ba ya hango nesa. A lokutan Sallah da Sallar Gani kuwa, baƙi da ba su san hanyar ba kan cika ta. Zuwan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri ta Tarayya ya ƙara yawan matasa masu hawa babur da masu tuƙa mota a garin.

A irin wannan hanya, abin da ke raba direba da haɗari sau da yawa daƙiƙa ɗaya ce ko biyu. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Direban da ya sunkuya daƙiƙa biyar don duba sunan mai kira ya yi tafiyar kusan mita 140 ke nan bai ga gabansa ba, wato fiye da tsawon filin ƙwallon ƙafa.

Me doka ta ce?

Dokar kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta 2007 ta sanya kira ko amsa waya yayin tuƙi cikin laifuffukan hanya. Jadawalin hukumar ya yanka tarar naira 4,000 da maki huɗu a kan lasisin mai laifin. Ƙa'idojin Zirga-zirgar Ababen Hawa na Ƙasa na 2012 sun ƙara fayyacewa: an hana direba kira ko amsa waya ta kowace siga matuƙar mota tana tafiya, kuma haramcin ya haɗa da aika saƙo da shiga intanet. Togaciyar da aka yi ita ce kiran gaggawa ga 'yan sanda, ko 'yan kwana-kwana, ko motar asibiti, idan tsayawa ba zai yiwu ba.

A nan ne direbobi da dama ke kuskure. Dokar ba ta ware na'urar kunne ko Bluetooth ba, kuma jami'an FRSC sun sha nanata cewa amfani da su bai wanke direba daga laifi ba. A 2019 har taƙaddama ta tashi a kan amfani da taswirar Google a mota, inda hukumar ta bayyana cewa abin da ta hana shi ne latse-latsen waya ana cikin tafiya, don haka a saita taswirar tun kafin a tashi.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya dabam. Birtaniya ta haramta riƙe waya a hannu yayin tuƙi tun 2003, ta bar na'urar da ba a riƙewa, ko da yake ana iya gurfanar da direba idan ta ɗauke masa hankali. Faransa kuwa tun 2015 ta hana direba da mai babur saka duk wani abin sauraro a kunne, ta bar wanda aka haɗa da lasifikar mota. A rubuce, dokar Najeriya ta fi waɗannan tsauri. Raunin yana wajen aiwatarwa.

Me bincike ya gano?

Masana sun kasa shagalar direba gida uku: ta ido, idan ya kau da kai daga hanya, ta hannu, idan ya saki sitiyari, da ta tunani, idan zuciyarsa ta tafi wani wuri. Na'urar da ba a riƙewa tana maganin ta biyu, tana rage ta farko idan an iya amfani da ita, amma ba ta taɓa ta uku ba.

A 1997 wasu masana biyu, Donald Redelmeier da Robert Tibshirani, sun duba bayanan wayar direbobi 699 da suka yi haɗari a birnin Toronto na Kanada. Sun gano cewa yiwuwar yin haɗari ta ninka kusan sau huɗu a lokacin da direba ke waya, kuma masu na'urar da ba a riƙewa ba su tsira ba. Wani bincike da aka yi a birnin Perth na Ostireliya, aka wallafa a 2005, ya zo da sakamako makamancin wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ma matsayinta ke nan: mai waya a kan sitiyari ya fi wanda ba ya yi kusantar haɗari da kusan ninki huɗu, kuma na'urar da ba a riƙewa ba ta fi wayar hannu aminci da wani abin kirki ba.

Dalilin yana cikin ƙwaƙwalwa. A 2008 masana a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka sun auna aikin ƙwaƙwalwar mutane yayin da suke gwajin tuƙi, suka ga sauraron magana kaɗai ya rage aikin sashen da ke lura da wuri da tazara da kashi 37 cikin ɗari. Direba yana iya zuba ido a kan kwalta, saniya ta fito, bai ankara ba sai ya zo dab da ita. Bahaushe ya riga ya faɗa: hankali ke gani, ido gululu ne.

Umarnin murya ma bai kuɓuta ba. Wani bincike da Jami'ar Utah ta yi a 2015 ya nuna cewa bayan direba ya gama bai wa waya ko mota umarni da baki, hankalinsa kan ɗauki har daƙiƙa 27 kafin ya dawo kan hanya gaba ɗaya. A gudun cikin gari na kilomita 40 a awa, wannan tafiyar mita 300 ce.

Akwai binciken da ya ɗan sassauta. Cibiyar nazarin sufuri ta Virginia Tech, wadda ke saka kyamarori a motocin mutane tana kallon tuƙinsu na yau da kullum, ta gano cewa mafi girman haɗari yana wajen lalubo waya, danna lamba da karanta saƙo. A 2009 ta nuna cewa direban babbar mota mai rubuta saƙo ya ninka haɗarinsa sau 23. A nata ma'aunin, magana zalla ba ta kai haka muni ba. Abin da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai shi ne: taɓa waya ya fi komai muni, magana kuma ba ta zama lafiya lau ba don kawai hannu bai riƙe komai ba.

Direbobin haya kan ce ai suna hira da fasinja tun daga Daura har Kano ba abin da ke faruwa. Bambancin shi ne fasinja yana ganin hanya. Idan an zo kwana ko za a wuce tirela yakan yi shiru, wani lokaci ma shi ke cewa a kula. Wanda ke kira daga gida bai san halin da ake ciki ba, tambayarsa kawai yake jiran a amsa.

Idan za a saya, wacce za a zaɓa?

Tun da waya ta zama jarin direban haya, da ita yake samun shata da saƙon kaya, zai yi wuya a raba shi da ita. Don haka yana da kyau a san bambancin na'urorin da ke kasuwa, ba tare da an manta cewa babu wadda ta halatta kira a idon doka ba.

Iyafis mai toshe kunnuwa biyu shi ne mafi arha, kuma shi ne mafi illa. Yana hana jin hon, jiniya da ƙarar taya idan ta fara ba da matsala, igiyarsa kuma kan sarƙe da giya ko bel. Ga ɗan kabu-kabu abin ya fi tsanani, domin da kunne yake sanin abin da ke tafe a bayansa. Haka nan cusa waya a cikin hula ko matse ta da kafaɗa.

Bluetooth na kunne ɗaya ya fi wancan, tun da ya bar kunne guda a buɗe, amma yakan faɗo, kuma neman sa a ƙasan kujera ana tafiya wani haɗarin ne.

Akwai na'urar da ake sokawa a ramin caja, ta fitar da murya ta rediyon mota. Ita ta fi dacewa da tsofaffin motocin da suka fi yawa a tashoshi. Wadda ta fi ita ce mai babban maɓalli guda da hannu zai same shi ba sai ido ya bi ba, mai kuma makirfon da ba ya sa direba ɗaga murya da maimaita magana.

Sababbin motoci suna zuwa da maɓallan amsa kira a jikin sitiyari, wasu da Android Auto ko Apple CarPlay. Waɗannan sun fi rage taɓe-taɓe, sai dai babban allonsu yana jan ido idan direba ya shiga lalube a cikinsa.

Mariƙin waya yana da amfani ga mai bin taswira. A kafa shi kusa da inda ido ke kallo, ba inda zai tare gilashin gaba ba. A zafin bazara na Daura, mariƙi mai arha da ake mannawa a gilashi yakan saki, don haka mai kama jikin mota da ƙarfi ya fi.

Ma'aunin dai guda ne: na'urar da ta fi ita ce wadda ta fi rage dalilin kallon waya. A haɗa ta, a saita taswira, a zaɓi karatu ko tashar da za a saurara tun mota tana tsaye. Wayoyin iPhone tun 2017 suna da tsarin da ke danne sanarwa yayin tuƙi, wayoyin Android ma suna da irinsa, kuma kyauta ne. Saƙon murya na WhatsApp, wanda jama'a suka fi sabawa da shi, bai fita daga lissafi ba, domin sai an buɗe waya an nemo shi kafin a saurara. Direban da ke da yaron mota ko fasinja a gaba yana iya miƙa masa wayar. Idan kiran na dole ne, a tsaya a cikin gari, ko gidan mai, ko tasha, ba a kan kwana ko wurin da babu kowa da dare ba.

Alhakin bai tsaya kan direba ba

Mai kira ma yana da nasa kason. Ubangidan mota da ke kira kowane rabin awa yana tambayar an kai ina, da ɗan kasuwar da ke matsa wa direban tirela, da ɗan'uwan da ke jin ƙarar iska a waya amma ya ci gaba da zance, duk suna cikin lamarin. Fasinja kuma yana da haƙƙin cewa direba ya ajiye waya, ko da sauran fasinjoji za su ga ya cika iyayi.

Ga hukumomi, akwai tambayoyin da ya kamata matasa su riƙa yi. Ta farko, tarar. A 2007 naira 4,000 tana sayen kusan lita 60 ta fetur. Bayan janye tallafin mai a 2023, 'yan litoci kaɗan take saya, don haka tsoron da take bayarwa ya ragu ƙwarai. Gyara ta aikin Majalisar Tarayya ne, kuma Daura tana da wakilai a can.

Ta biyu, alƙaluma. Rahotannin FRSC suna da gurbin amfani da waya a jerin musabbaban haɗari, amma adadin kan fito kaɗan idan aka kwatanta da gudun wuce kima. Wannan bai nuna matsalar ƙarama ba ce: wanda ya rasu ba ya ba da labari, wanda ya rayu kuma ba kasafai yake amsa cewa waya yake yi ba. Ya dace FRSC da hukumar KASSAROTA ta Jihar Katsina su riƙa fitar da bayanan haɗurran hanyoyin Daura dalla-dalla, kuma Jami'ar Sufuri da ke garin ta fi kowa cancantar nazarin su.

Ta uku, wuraren tsayawa. Ba a cewa direba ya tsaya ya amsa waya a hanyar da kafaɗarta ta zaizaye. Duk aikin faɗaɗa hanya da za a yi a yankin ya kamata ya zo da wurin fakin mai aminci. Ƙungiyar direbobi ta NURTW da hukumar sufuri ta jihar, KTSTA, su ma suna da ikon kafa wa direbobinsu ƙa'ida a tasha ba sai sun jira Abuja ba.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke rasuwa a haɗarin hanya kowace shekara, nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a, kuma haɗarin hanya ne babban ajalin 'yan shekara 5 zuwa 29. Wannan rukunin ne ya fi kowa riƙon waya, shi ne kuma ke kan babura da sitiyarin motocin haya a Daura. Lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122, kuma kiran irinta ne kaɗai doka ta yi wa uzuri idan mota tana tafiya.