Zafin Ruwa da Kitse Wajen Haihuwar Kifin Unagi

Zancen kimiyya na yau ya shafi wani dogon kifi mai siffar maciji, wanda mutanen Japan ke kira unagi. Suna kiwonsa ƙwarai, amma ba ya haihuwa a tafkin kiwo, sai an kamo 'ya'yansa a bakin teku. Yawan kamun nan yana cikin abin da ya sa a 2014 aka lissafa shi cikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu.

A tafki akan ɗumama ruwa zuwa wajen digiri 28, domin kifin ya ci da yawa ya yi ƙiba da sauri. In kuwa ƙwai ake so, sai a mai da macen cikin ruwan gishiri mai wajen digiri 20, sa'an nan a riƙa yi mata allura mako-mako har ƙwan ya nuna.

Kitse kuwa shi ne guzurinsa, gama in ya tasam ma haihuwa yakan daina cin abinci ɗungum. Da kitsen nan yake iyo har kusa da tsibiran Mariyana inda yake haihuwa. Daga cikinsa kuma uwa ke zuba maiƙo a ƙwai, watau abincin ɗan kifi kafin ya iya ci da kansa. Ƙwai mai kyau yakan taso bisa ruwa, maras kyau ya nutse.

A 2010 masanan Japan suka sami 'ya'ya daga iyayen da su ma a tafki aka ƙyanƙyashe su. Abin da ya rage shi ne rage tsadar aikin.